Yadda Ake Mayar da DHCP Kan Sabuwar Saba Ba Tare da Aikin Ofis Ya Tsaya Ba

Akwai wani ofis mai hawa biyu a wajen Unguwar Rimi a Kaduna da na taɓa yi wa wannan aiki, har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Na kwashe DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshin netwok, daga tsohuwar saba na zuba a sabuwa, na gwada da kwamfutar da ke ɗakin saba, ta karɓi adireshi lafiya lau, na kashe tsohuwar na kama hanyar Kawo. Mako guda cur shiru kake ji. Sai Litinin ta biyu, ƙarfe takwas da 'yan mintoci, Hajiyar da ke riƙe da ofishin kuɗi ta bugo waya.

"Injiniya, don Allah ka zo. Duk hawan sama babu intanet, firinta ma ta ƙi."

"Hajiya, ko dai kuɗin data ne ya ƙare?"

"Na ƙasa fa suna aikinsu."

Da jin haka gabana ya faɗi. Ina isa na buga ipconfig a kwamfutarta, sai ga adireshi mai farawa da 169.254, wato wanda Windows ke laƙaba wa kanta idan ta yi kira ba wanda ya amsa. Layi ɗaya tak na manta ban gyara ba a cikin suwic, akwatin da ke haɗa wayoyin netwok, shi ne ya yi kwanton kwana goma kafin ya kama ni. Dalilin wannan jinkiri shi ne ya kamata mutum ya fara ganewa kafin ya taɓa komai.

Abin da ke faruwa a ƙasa

Ɗauki sabar DHCP kamar mai kula da gidan haya. Duk na'urar da ta shigo netwok sai ta yi shela tana neman ɗaki, shi kuma ya yi mata tayin adireshi, ta ce ta karɓa, ya tabbatar, ya rubuta a littafinsa. Saƙonni huɗu ke nan, suna tafiya ta UDP, saba na saurare a tasha ta 67, na'ura a ta 68. Adireshin haya ce mai wa'adi, kuma a Windows Server in ba ka canza ba wa'adin kwana 8 ne.

Idan rabin wa'adi ya cika, na'ura takan je kai tsaye wurin sabar da ta ba ta ɗakin ta nemi sabuntawa. In ba ta same ta ba, ba ta tayar da hankali, tana ci gaba da zama tana sake gwadawa. Sai an ci kashi 87.5 cikin ɗari na wa'adin, wato kwana 7 cikin 8, sannan ta koma shela ga duk sabar da ke ji. In wa'adi ya ƙare ƙaf ba amsa, ta saki adireshin. Ko an kashe kwamfuta an kunna, matuƙar hayarta ba ta ƙare ba kuma tana iya taɓa rautar da ta sani, Windows takan ci gaba da amfani da tsohon adireshinta.

Kwamfutocin hawan sama sun sabunta hayarsu da safiyar Juma'ar da na yi aikin. Kwana 8 ya cika ranar Asabar ta mako mai zuwa, ba kowa a ofis. Litinin aka kunna su, duka suka tashi ba muhalli. Gwajin da na yi ranar ƙaura bai nuna komai ba, don daga ɗakin saba na yi shi, inda shela ke isa ga saba kai tsaye, ba tare da ɗan aiken da ke kai saƙo daga wasu rukunai ba.

Misalin da za mu bi a ƙasa: tsohuwar saba tana 10.10.1.5, sabuwa za ta zauna a 10.10.1.15, sunanta DHCP2 a cikin ofis.local. Rukunin adireshi uku ne, abin da manhajar ke kira Scope: 10.10.10.0 na hawan ƙasa, 10.10.20.0 na sama, 10.10.30.0 na Wi-Fi. Na ɗauki Windows Server saboda ita na fi tararwa a ofisoshi da makarantun garin nan, kuma da yawansu Windows Server 2012 R2 ce, wadda Microsoft ta daina tallafa wa tun 10 ga Oktoba, 2023.

Mataki na farko: rubuta abin da ke akwai

Kafin ka saka komai a sabuwar saba, zauna a gaban tsohuwar da biro da takarda. Buɗe PowerShell da ikon mai gudanarwa ka buga waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

Get-DhcpServerv4Scope
Get-DhcpServerv4ScopeStatistics
Get-DhcpServerv4Reservation -ScopeId 10.10.10.0
Get-DhcpServerv4OptionValue
Get-DhcpServerv4OptionValue -ScopeId 10.10.10.0

Maimaita na uku da na biyar ga kowane rukuni. Ka rubuta yawan rukunai, yawan adireshin da ke hannun na'urori yanzu, da yawan waɗanda aka keɓe wa wata na'ura ta musamman. Waɗannan alƙaluma su ne za ka gwada da su bayan ƙaura.

Ka dubi zaɓuɓɓukan da saba ke rabawa tare da adireshi da kyau. Lamba 003 ita ce rauta, ƙofar fita. Lamba 006 sabobin DNS, masu mayar da suna zuwa adireshi, 015 sunan yanki, wato irin ofis.local. In ofishin na girka Windows ta netwok za ka ga 066 da 067. In akwai wayoyin tebur na Cisco za ka ga 150, wasu na'urorin Wi-Fi kuma suna neman mai sarrafa su ta lamba 043. Tambayar da za ka yi wa kowace lamba ita ce: shin adireshin tsohuwar saba ne a ciki? A ƙananan ofisoshi akwati ɗaya ne ke yin DHCP da DNS da Active Directory, rajistar asusu da kwamfutocin ofis, gaba ɗaya. In haka ne, lamba 006 tana nuna 10.10.1.5, kuma za ta bi ka zuwa sabuwar saba yadda take. Ranar da aka cire tsohuwar daga wuta, kowa na da adireshi amma ba shafin da ke buɗewa.

Sai kuma abin da littafin saba bai sani ba. A kusan duk ofis akwai na'urar da wani ya taɓa buga wa adireshi da hannu a tsakiyar waɗanda ake rabawa: firintar sakatariya, na'urar dangwala yatsa da ke bakin ƙofa, akwatin kyamarorin tsaro. Wanda ya girka ya tafi, ba wanda ya rubuta. Ka bi netwok ɗin da nmap -sn 10.10.10.0/24 ko wata manhaja makamanciyarta a lokacin aiki, sa'ilin da komai ke kunne, ka kwatanta da jerin hayar saba. Duk adireshin da ya amsa amma ba ya cikin jerin, ka bi sawunsa har ka ga na'urar da idonka, sannan ko dai ka ware adireshin daga rabo ko ka keɓe mata shi. Wannan zagaye yakan ci yini guda, kuma shi ne aikin da nakan ba yaron da ya zo koyon aiki daga Kaduna Polytechnic, don ba abin da ke koya wa mutum netwok kamar bin waya daga bango zuwa suwic.

Mataki na biyu: adireshin tsohuwar za ka gada, ko sabo?

Wannan shawara ce da za ta sauya sauran aikin. In sabuwar saba ta gaji 10.10.1.5, ba sai ka taɓa suwic ko rauta ba, kuma na'urori za su sabunta hayarsu a rabin wa'adi kamar ba abin da ya faru. Sauƙi ne babba. Matsalarsa, sabobin biyu ba za su zauna a netwok lokaci guda ba, kuma in tsohuwar tana wasu ayyukan da ba a kwashe ba tukuna, ba za ka iya ƙwace mata adireshi ba.

Ni na fi son sabon adireshi. Aikinsa ya fi yawa, amma komawa baya in abu ya ɓaci umarni biyu ne kawai, kuma yana tilasta maka sanin duk inda aka rubuta adireshin saba a cikin kayan ofis. Sauran bayanin nan a kan sabon adireshi yake.

Mataki na uku: rage wa'adin haya, tun da sauran lokaci

Nan ne wurin da na faɗi a Unguwar Rimi, don haka zan ɗan tsaya.

Manufar ita ce ranar ƙaura kowace na'ura tana riƙe da gajeriyar haya, ta yadda in akwai kuskure zai bayyana kana nan zaune, ba bayan kwana goma ba. A tsohuwar saba:

Set-DhcpServerv4Scope -ScopeId 10.10.10.0 -LeaseDuration 0.08:00:00

Awa 8 ke nan. Yi wa kowane rukuni. Amma ka sani canjin ba ya kama na'urar da ke riƙe da tsohuwar haya sai ta dawo sabuntawa. Wadda ke kunne kullum za ta dawo bayan kwana 4, wadda ake kashewa a kunna za ta karɓi sabon wa'adi a tashi na gaba. Don ka tabbata ba sauran mai tsohuwar haya, rage wa'adin aƙalla kwana 8 kafin ranar ƙaura. In Juma'a za ka yi aiki, ka rage tun Alhamis ta makon da ya gabata.

Za ka ji wasu na cewa a mayar da shi awa ɗaya ko minti talatin. Inda wuta ba ta ɗaukewa wannan daidai ne. A nan kuwa ka yi lissafi da janaretanka. Gajeriyar haya na nufin in saba ta mutu na tsawon wa'adin, ofis gaba ɗaya ya tsaya. In an ɗauke wuta, batirin UPS ya ƙare, mai tayar da janareta ya tafi cin abinci, hayar awa ɗaya za ta watsar da kowa, har da masu laftof da ke kan inbata. Abin da nake yi shi ne awa 8 na tsawon makon, sannan da safiyar ranar ƙaura, bayan na leƙa tankin dizal da idona, in mayar da shi awa 2.

Mataki na huɗu: shirya sabuwar saba

Wannan ba wuya. Buga mata adireshi da hannu, 10.10.1.15, wanda ba ya cikin waɗanda ake rabawa. Shigar da ita cikin yankin ofis.local. Duba agogonta da shiyyar lokaci, tamu ita ce ta yammacin tsakiyar Afirka, awa ɗaya gaba da UTC. Kerberos, tsarin da yanki ke tantance masu shiga da shi, ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5. Sai:

Install-WindowsFeature DHCP -IncludeManagementTools
netsh dhcp add securitygroups
Restart-Service DHCPServer

Kada ka ba ta izini a Active Directory tukuna. Sabar Windows da ke cikin yanki ba ta raba adireshi sai an ba ta wannan izini, kuma wannan gata ne a gare ka: za ka iya zuba mata komai, ka duba, ka gyara, tana zaune shiru. Server Manager zai riƙa nuna maka alamar gargaɗi cewa saura a kammala saiti. Ƙyale shi.

In sabuwar saba ta cikin Hyper-V ce, wato ba akwatin kanta gare ta ba, a cikin wata kwamfuta take zaune, leƙa saitin katin netwok ɗinta ka tabbata DHCP guard a kashe yake, don aikinsa ke nan hana na'ura amsa neman adireshi.

Mataki na biyar: ɗan aike

Shela ba ta tsallake rauta. Kwamfutar da ke 10.10.20.0 in ta yi kira, muryarta ba ta fita daga rukuninta, sai in akwai ɗan aike da zai ɗauki saƙon ya kai wa saba. A kayan Cisco ɗan aiken layi ne a ƙarƙashin kowane VLAN, wato kowane rukunin da aka ware a cikin suwic. Buga:

show running-config | include helper

Za ka ga ip helper-address 10.10.1.5 sau da yawa. Ƙirga su. Ya kamata yawansu ya yi daidai da yawan rukunan da ba sa zaune wuri ɗaya da saba. Cisco na karɓar layi fiye da ɗaya, kuma yana aika saƙon ga duka, don haka tun kwanaki kafin ƙaura ka ƙara sabon a gefen tsohon:

interface Vlan20
ip helper-address 10.10.1.15

Ba abin da zai ɓata, tunda sabuwar ba ta amsawa tukuna. Kar ka manta da write memory, in ba haka ba ɗaukewar wuta ta farko za ta shafe gyaran. A MikroTik abin yana ƙarƙashin /ip dhcp-relay. In ofishin na da reshe, a ce hedikwata a titin Ali Akilu reshe a Barnawa, kuma reshen daga hedikwata yake karɓar adireshi, rautar can ma tana da nata layin, kuma katangar tsaro da ke tsakani dole ta bar UDP 67 da 68 su isa sabon adireshin.

Akwai tarko na biyu a suwic. In an kunna DHCP snooping, suwic ba ya barin amsar DHCP ta fito sai daga kafar da aka amince da ita. An amince da kafar tsohuwar saba shekaru da suka wuce, sabuwar kuwa ka soka ta a wata kafa daban. Shiga wannan kafa ka sa ip dhcp snooping trust. In ka manta, saba za ta riƙa jin kira tana amsawa, amsar na mutuwa a bakin ƙofa, ka yi ta duba saba ba ka ga laifinta ba.

Mataki na shida: gwajin kwashewa

Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, yi atisaye. A tsohuwar saba ƙirƙiri folda C:\kaura, sannan:

Backup-DhcpServer -Path C:\kaura\ajiya
Export-DhcpServer -File C:\kaura\dhcp.xml -Leases

Na farko kwafin ajiya ne na ko-ta-kwana, na biyu shi ne kayan da za a ɗauka. Kalmar -Leases ita ce ke ɗauko littafin haya. In ka bar ta, sabuwar saba za ta tashi tana ganin duk ɗakuna a buɗe, ta ba baƙo ɗakin da wani ke kwance a ciki. In tsohuwar Windows Server 2008 ce ko 2008 R2, ba ta da waɗannan umarni, amma kana iya buga Export-DhcpServer daga sabuwar ka ƙara -ComputerName da sunan tsohuwar. Akwai kuma tsohuwar hanya, netsh dhcp server export, sai dai tana tsayar da rabo yayin da take kwashewa.

Kwafi fayil ɗin zuwa sabuwar, ka ajiye wani kwafin a filashi. A sabuwar:

Import-DhcpServer -File C:\kaura\dhcp.xml -BackupPath C:\kaura\kafin -Leases

Ɗauko takardarka ta mataki na farko ka kwatanta: rukuni uku, keɓaɓɓun adireshi kaza, zaɓuɓɓuka kaza.

Abu ɗaya ba ya bin kayan: asusun da saba ke amfani da shi wajen rubuta sunayen kwamfutoci a DNS. Kalmar sirrinsa ba ta shiga kowane irin kwafi. Duba da Get-DhcpServerDnsCredential a tsohuwar. In akwai asusu, saka shi a sabuwar da Set-DhcpServerDnsCredential. In babu, to tsohuwar saba da sunan kanta ta riƙa rubutawa, kuma inda DNS ke karɓar amintaccen sabuntawa kaɗai, sabuwar ba za ta iya gyara waɗancan rubuce-rubucen ba don ba mallakarta ba ne. Alamar ita ce bayan 'yan kwanaki sunan kwamfuta ya riƙa nuna tsohon adireshi. Maganinsa ka buɗe asusu na musamman, mara wani iko, ka ba sabobin biyu tun da wuri, tsofaffin rubuce-rubucen da suka ƙi gyaruwa kuma a goge su a bar su su sake rubutuwa.

Mataki na bakwai: ranar ƙaura

Zaɓi lokacin da mutane suka ragu amma ba su ƙare ba. Yammacin Juma'a ya yi, in dai za ka dawo Asabar ka kuma kasance a ofis tun bakwai na safiyar Litinin. Ka sanar da Oga a rubuce. Ka tabbata asusun da za ka shiga da shi yana cikin Enterprise Admins ko an wakilta masa ikon ba da izini, don ba ranar ce za ka fara neman wanda ke riƙe da kalmar sirri ba, wataƙila yana hanyar Zariya. Kuma a tayar da janareta kafin a fara, ko da akwai wuta. Rumbun bayanan DHCP, fayil ɗin dhcp.mdb da ke C:\Windows\System32\dhcp, ba ya son a yanke masa wuta ana tsakiyar rubutu.

Jerin yana da muhimmanci. A tsohuwar:

Export-DhcpServer -File C:\kaura\karshe.xml -Leases
Stop-Service DHCPServer
Set-Service DHCPServer -StartupType Disabled

Kwashewa na buƙatar sabis ɗin yana aiki, shi ya sa take zuwa farko, tsayarwa ta biyo nan take don kada a ba da wata haya da ba ta cikin fayil. Layi na uku kada ka tsallake shi. In ka tsayar kawai, duk ranar da wuta ta kashe saba ta sake tashi, DHCP zai tashi tare da ita, ka wayi gari da masu kula da gida biyu kowa da littafinsa.

Kada kuma ka bi ta hanyar danna Deactivate a kan rukuni. Rukunin da aka kashe ta haka, saba na ƙin amincewa da masu neman sabuntawa, tana korarsu daga adireshin da suke kai. Tsayar da sabis ɗin gaba ɗaya shiru ne kawai, kuma shiru ba ya korar kowa.

A sabuwar:

Import-DhcpServer -File C:\kaura\karshe.xml -BackupPath C:\kaura\kafin2 -Leases -ScopeOverwrite -Force
Set-DhcpServerSetting -ConflictDetectionAttempts 1
Add-DhcpServerInDC -DnsName dhcp2.ofis.local -IPAddress 10.10.1.15
Restart-Service DHCPServer

Layi na biyu yana sa saba ta ƙwanƙwasa ɗaki da ping kafin ta ba da shi. In wani ya amsa, sai ta yi wa adireshin alamar BAD_ADDRESS ta ɗauko wani. Yana ƙara ɗan jinkiri, kuma na'urar da katangarta ke toshe ping ba za ta amsa ba, amma a makon ƙaura yana kama rikici da yawa. In lamba 006 na buƙatar gyara, yanzu ne lokacinsa.

Mataki na takwas: gwaji da ƙafa

Fita daga ɗakin saba. Ɗauki laftof da guntun kebul ka je kowane rukuni: hawan ƙasa, hawan sama, Wi-Fi, reshe in akwai. A kowane wuri:

ipconfig /release
ipconfig /renew
ipconfig /all

Sakin farko shi ne ke tilasta wa kwamfuta yin shela daga tushe, wato ta bi ta hannun ɗan aike. Nemi layin DHCP Server. Dole ya nuna 10.10.1.15. Duba rauta da DNS, buɗe shafi, aika takarda zuwa firinta. Kashe firinta ɗaya mai keɓaɓɓen adireshi ka kunna, ka ga ta dawo inda take.

In layin ya nuna wani abu daban, kamar 192.168.8.1 ko 192.168.0.1, to ka kama ɓarawo: wani ya soka ƙaramar rautarsa a bango tana raba nata adireshin. A da tsohuwar saba na rigan ta amsawa, ɗan shirun ƙaura ya ba ta dama. Na taɓa samun irinta a ƙarƙashin teburin wani babba. Da na nuna masa ya ce, "Injiniya, ai wannan don waya ta ce kawai." Na ce, "Yallaɓai, wayarka kam ta samu, amma ta ɗebi kwamfutoci shida ta tafi da su."

Koma kan saba ka buɗe rajistar ranar, DhcpSrvLog-Fri.log a cikin C:\Windows\System32\dhcp. Lambar farkon kowane layi ita ce labarin: 10 sabuwar haya, 11 sabuntawa, 13 an tarar da adireshi a hannun wani, 15 an ƙi ba da haya. Kana son ganin 10 da 11 daga kowane rukuni. Rukunin da bai bayyana ko sau ɗaya ba, koma kan ɗan aikensa. Da hayar awa 2, na'urorin da suka karɓa daga tsohuwar za su nemi ta su rasa, su koma shela kafin minti 105 su cika, don haka kada ka bar ofis sai awa biyun sun wuce kuma yawan hayar da Get-DhcpServerv4ScopeStatistics ke nunawa ya yi daidai da abin da ke kunne.

In abu ya ƙi kuma dare na yi, koma baya ba kunya: tsayar da sabis a sabuwar, mayar da na tsohuwar Automatic ka tayar. Shi ya sa ba mu cire mata izini ba, ba mu goge layinta a suwic ba. Kunna mata ƙwanƙwasa ɗaki ita ma, don ba ta san hayar da sabuwar ta bayar a tsakani ba.

Wata hanya, da kuma masu Linux

Tun daga Windows Server 2012 akwai tsarin da sabobi biyu ke riƙe littafi ɗaya tare, Failover, na IPv4 kaɗai, ta TCP 647, kuma agogonsu kada ya saɓa da fiye da minti ɗaya. Ana iya ƙaura da shi: a haɗa tsohuwa da sabuwa, a bar su su daidaita, sannan a raba auren. A nan dole sabuwar ta sami izini tun farko. Abin lura shi ne rabawar tana goge rukunai daga abokiyar haɗin, don haka daga kan sabuwar za ka buga umarnin rabawa. In ka buga daga tsohuwar, sabuwar ce za ta tashi wayam. Ga ofishin da ba ya rufewa, kamar asibiti, wannan hanya ta fi.

Masu ISC DHCP a Linux fayil biyu za su ɗauka bayan sun tsayar da sabis: /etc/dhcp/dhcpd.conf da littafin haya dhcpd.leases, wanda a Debian da Ubuntu yake /var/lib/dhcp. A gwada saitin da dhcpd -t kafin a tayar. A nan babu izinin Active Directory da zai riƙe sabuwar, tana tashi ta fara rabo, don haka a tabbata tsohuwar ta yi shiru tukuna. Tunda ISC ta daina raya wannan manhaja a ƙarshen 2022 ta koma kan Kea, wanda zai yi wahalar ƙaura gara ya wuce Kea kai tsaye.

Bayan mako biyu

Litinin ta farko ita ce jarrabawa, lokacin da laftof ɗin da suka kwana gida da wayoyin ma'aikata suka dawo gaba ɗaya. Sa ido kan rukunin Wi-Fi. Wayoyin zamani, tun daga Android 10 da iOS 14, suna ɓoye lambar MAC ta asali, wato lambar shaidar katin netwok, su nuna wata, kuma wayar da aka sa ta manta netwok ko aka sake saita ta kan iya dawowa kamar baƙuwa ta ci sabon ɗaki. Saboda haka Wi-Fi nakan bar shi a awa 8 har abada, masu kebul kuma in mayar da su kwana 8 bayan Litinin ta wuce lafiya. Ƙwanƙwasa ɗaki in mayar da shi 0, ko in bar shi a 1 in ofishin na da masu son buga adireshi da hannu.

In mako biyu suka cika ba ƙorafi, a sallami tsohuwar:

Remove-DhcpServerInDC -DnsName dhcp1.ofis.local -IPAddress 10.10.1.5
Get-DhcpServerInDC

Na biyun ya nuna sabuwar kaɗai. Shiga suwic da rautoci ka cire tsohon layin da no ip helper-address 10.10.1.5, ka cire amincewar tsohuwar kafa, ka sake write memory. Sannan Uninstall-WindowsFeature DHCP a kan tsohuwar. Windows na yin kwafin ajiyar rumbun DHCP duk minti 60, amma a kan faifan sabar kanta yake ajiyewa, don haka saita wani aiki da zai riƙa fitar da Export-DhcpServer zuwa wata na'ura daban kowane mako. Takardar mataki na farko kuma, gyara ta da sabbin adireshi, sa kwanan wata, saka ta a leda saboda ƙurar hunturu, ka manna a cikin ƙofar akwatin saba.